Albasar da Na Ajiye wa Gajere

Talata, da hantsi

Ni ban yi boko ba. Rubutun nan a jikin buhu na koye shi, da gawayi, don haka duk wanda ya ga layi ya karkace sai ya karkata kansa ya karanta. Ba don kowa nake yi ba. Gidan ne ya yi shiru da yawa, bakina kuma bai saba zama a rufe ba.

Albasata tana rumfa. Ta bana ta yi kyau, ja jawur, wuyanta a bushe. Dukkanta ta Gajere ce, dillalin da nake ba kaya tun ina da baƙin gashi. Ranar da muka gama tono ya zo ya tsuguna, ya murza ɗaya a tafin hannu, ya ce kada in ba kowa, zai turo mota idan kasuwa ta ɗaga. Na ce ya gama magana. Haka muke yi kowace shekara, ba takarda, ba shaida.

'Yan ƙungiyarmu ta manoma kuwa sun ce bana ba ruwansu da dillali. Za su haɗa kaya, su ɗauki babbar mota, su kai birni da kansu. Wa ya sa musu wannan a ka? 'Yata. Auta. Wadda na riƙa ɗauka a kafaɗa zuwa gonar nan.

Talata, bayan la'asar

Ba ta dawo ba. Tana gidan Yaya.

Laraba, da safe

Bari in rubuta yadda abin ya faro, kada gobe a ce ni na fara.

Auta ta karanta tattalin arzikin noma a jami'a. Bijimina ne ya tafi a kan karatun, ban taɓa yi mata gori ba, yanzu ma ba gori nake yi ba. Ta gama, aiki bai samu ba, aure ya zo ya wuce, ta dawo gida tana koyar da yara. Sai ta gano wani wuri a intanet da take kira rumbun bincike. Wai masana na ƙasashe daban-daban, idan sun gama bin diddigin yadda amfanin gona ke tafiya a kasuwa, sai su zuba rubutunsu a ciki, kowa ya buɗe ya karanta, ba a biyan ko sisi. Ta ce da tana makaranta irin takardun nan sai mai hali, kan magana kawai kake gani a ce maka biya. Yanzu ga su a wayarta kamar ƙasa.

Na ce mata rumbun da ba shi da ƙofa ɓera kaɗai ke murna da shi. Wa ya taɓa shan wahalar shekaru ya zo ya zubar a hanya kowa ya ɗiba? Da abin kirki ne da sun sa masa kuɗi. Kuma kyautar me, tunda sai ta sayi data? Ta ce Baba, ruwan rijiya ma kyauta ne amma sai ka sayi guga. A lokacin dariya muke yi.

Daga nan ta fara zuwa rumfar Mai Inji, maƙwabcina, shugaban ƙungiya, tana fassara wa maza abin da ta karanta. Manya masu furfura sun kewaye waya kamar kaji sun ga tsaba. Ranar taron ƙarshe ta ce binciken ya nuna manomin da ya ɗaure kansa ga mai saye ɗaya yakan samu ƙasa da na sauran. Ba ta kira sunana ba. Ba sai ta kira ba, duk wuyoyi sun juyo.

Abin da na faɗa na faɗa. Magana zarar bunu ce.

Alhamis, da azahar

Na kira Gajere. Tana shiga, ba a ɗauka. Ranar kasuwa ce, hayaniya ta yi masa yawa.

Na dafa shinkafa ta yi ruwa. Na ci.

Juma'a, da yamma

Saƙon murya ya shigo daga Auta. Mai tsawo. Ban saurara ba.

Asabar, da hantsi

Na saurara, don in kama inda ta yi ƙarya.

Ta ce Baba ina wuni, shi ke nan gaisuwar, sai ta shiga karatu da muryar da take yi wa 'yan aji. Wai wasu sun auna ajiyar albasa a wurare masu zafi irin namu. Farashi yana hawa bayan tono, wannan ko jariri ya sani. Amma wai akwai lokacin da ruɓa take fara gudu fiye da farashi, musamman idan iska ta ɗauki damshi, daga nan duk kwanan da ka ƙara asara kake ƙarawa ko da kasuwa tana tashi. Wai wadda aka tara a ƙasa ta fi saurin lalacewa a kan wadda aka ɗora a bisa, iska na bi ta ƙarƙashi.

A ƙasa ubana ya tara tasa, a kan yashi. Bai mutu da yunwa ba.

Ta gama ba sallama. Ko a ce ka ci abinci.

Lahadi, bayan azahar

Yaya ta zo. Ta tsufa amma bakin bai tsufa ba. Tun daga ƙofa take cewa ina sarkin taurin kai, ko ya mutu ne ba a sanar da ita ba. Ta leƙa tukunya, ta ce wannan ko akuya sai an roƙe ta. Ta share tsakar gida tana mita, ta wanke kofunan da na tara.

Da ta zauna sai ta rage murya. Ta ce yarinyar ba ta fita sai makaranta, ta dawo ta shige ɗaki da waya. Na ce ai ta samu uban da ya fi ni, na cikin waya. Ta dube ni ta ce, “Ba a yi wa 'ya gorin aure a gaban maza. Ko maƙiyi ba ya yi.”

Na ce ita wa ya aike ta ta kwance mini zani a gaban mazan? Yaya ta ce zanin nawa dama a kwance yake, iska ce ba ta taso ba. Na ce ta sha ruwa ta kama hanya kafin rana ta yi sanyi. Ta ce dama ba kwana ta zo yi ba.

Ta bar mini burodi da sukari. Ban roƙa ba.

Litinin, da safe

Gajere bai ɗauka ba.

Litinin, da la'asar

Bai ɗauka ba. Wataƙila wayar ce ta faɗa ruwa. Ya taɓa yi.

Laraba, da hantsi

Jiya hadari ya haɗu ta gabas, bai zubar ba, amma ya bar nauyi a iska. Da na shiga rumfa yau hancina ya riga idona. Na sa hannu can ƙasan tarin, yatsana ya nutse a wuyan wata. Na zauna tsince. Mai laushi gefe, mai tsiro gefe. Aikin nan mutum uku muke yinsa a da, ana yi ana faɗa a kan wa ya fi sauri. Yau ni da ƙudaje.

Mai Inji ya leƙo ta kan katanga, wai ya ji wari ne ya zo gaisuwa. Ya ce motarsu Asabar ta sama za ta tashi, akwai wuri idan ina so, ba sai na ce komai ba, in sa buhunan a ƙofa kawai. Yaron da na koya wa yadda ake riƙe fartanya. Na ce masa kayan nan suna da mai su. Ya ce to mai su ɗin yana ina? Na ce yana inda ubanka yake lokacin da Gajere ya ba shi iri babu ko kwabo a hannunsa. Ya ce Allah ya huci zuciyar Baba, ya sauka.

Alkawari kaya ne. Su ba su san nauyinsa ba don ba su taɓa ɗauka ba.

Alhamis, da yamma

Na buɗe ɗakin uwar Auta. Tun bara da ta rasu ban buɗe ba. Na fito da gadon ƙarfenta, na cire katifar na jingine, na kai shi rumfa, na jera katako a kai, na kwashe albasar da ta fi kyau na ɗora. Ba don abin da aka karanta mini ba ne. Ƙasar ce ta yi sanyi, ko makaho ya taɓa ya ji.

Gyalenta yana nan a kan ƙusa. Na mayar da ƙofar na rufe.

Bayana yana ciwo.

Juma'a, da safe

Saƙo na biyu, na uku. Ɗaya a kan kuɗin mota idan an raba shi tsakanin mutane da yawa. Ɗaya a kan yadda masu saye a birni ke ware manya da ƙanana, wai wanda ya ware tun daga gida ya fi samu. Duk na san su. Ina kunna su ne lokacin shan shayi, don rediyon ya lalace.

A na ukun an ji tari a tsakiya. Ta tsaya ta sha ruwa ta ci gaba. Ɗakin Yaya na baya yana da ƙura, na sha faɗa mata.

Asabar, da azahar

Yau ta turo wani daban.

Ta ce Baba, wannan na daɗe ina nema, jiya na same shi. Wata mata ce ta rubuta, a wata ƙasa da ban taɓa jin sunanta ba, ta yi shekaru tana zama da dillalai a kasuwannin ƙauye tana kallon aikinsu. Ta ce masu cewa dillali ɓarawo ne ba su lissafa da kyau ba. Shi ke ba manomi iri lokacin da banki ba ya ko kallonsa. Shi ke ɗaukar asara idan mota ta kwana a hanya. Shi ya san wa ke biya a birni, wa ke gudu da kaya. Abin da manomi ya rasa a farashi, wani ɓangarensa kuɗin kwanciyar hankali ne ya biya, kuma ba wauta ba ce.

Na ajiye kofi. Wallahi kamar matar nan tana bayan katanga duk shekarun nan tana jin abin da nake faɗa ana mini dariya. Ba ta san ni ba, ba ta san Gajere ba, ba ta ci albasata ba. Ta zauna ta rubuta, ta ajiye a inda 'yata za ta iya ɗauka ba tare da an tambaye ta ko 'yar wace ce ba. Da an sa masa kuɗi da ban taɓa ji ba. Wannan na yarda, iyakarsa ke nan.

To me ya hana a karanta wannan ranar taro?

Akwai saura a ƙarshe. Wai matsalar ita ce duk abin yana rataye ne a wuyan mutum ɗaya, idan ya faɗi, waɗanda suka jingina da shi… A nan na kashe.

Asabar, bayan la'asar

Na sake ji. Na kashe a wuri ɗaya.

Lahadi

Na sake ji har ƙarshe. Ba wani abu ba ne.

Litinin, da sassafe

Zan shiga gari in ga Gajere da idona. Na sa rigar fita. Na rufe rumfa da buhuna saboda awakin Mai Inji, waɗanda su ma ba su da tarbiyya.

Litinin, da magariba

Na dawo.

Talata

Ban shiga rumfa ba.

Laraba, da hantsi

A rumfar Gajere ta kasuwa wani na tarar, mai sayar da bokitai. Sikelin ma babu. Na tambaya, aka nuna mini hanya da baki, kamar ban san gidan ba.

Ɗansa ne ya shigar da ni. Ya ce sun ga kirana, ba su san me za su ce ba.

Yana kan tabarma an jingina shi da bango, an sa masa filo ta dama. Mutumin da ke cika kasuwa da murya, wanda in ya yi ciniki a layin albasa ake ji a layin tumatir. Ya gane ni. Na san ya gane ni, idon hagun ya cika. Na ce Gajere, ka ga yadda ka yi ƙiba, zaman gida ya karɓe ka. Na ba shi labarin albasa, na ce ta yi kyau, tana jiransa, ba gaggawa. Bakin ya motsa. Na kai kunne. Iska ce kawai.

Hannun da ke aiki ya kama bakin rigata, bai saki ba har ɗan ya zo ya ɓamɓare yatsun.

A waje ɗan ya ce, “Baba, ku sayar da kayanku. Shi ya gama.”

Na ce ba da kai na yi magana ba, yaro, ba kai za ka kwance ta ba. Na ga matarsa ta leƙo ta labule ta koma. Babu hayaƙi a madafarsu, ga shi rana ta take.

Wa zai sake ni? Wanda ya ɗaure ba ya magana.

Alhamis, da safe

An yi yayyafi. Na shiga rumfa. Ta kan gado tana nan lafiya. Ta ƙasa, kada in rubuta.

Na kwashe baro bayan baro na kai bayan gida. Ƙudaje sun yi mini rakiya. Shekara guda ta ban-ruwa, da tashin asuba, da bayan nan nawa.

Babu saƙo yau. Yaya ta gaya mata inda na je, na tabbata. Bakin Yaya ba ya ajiya.

Alhamis, da la'asar

Babu saƙo.

Juma'a, da hantsi

Na leƙa ta kan katanga na kira Mai Inji. Na ce ya saurara da kyau don ba zan maimaita ba. Ni ban shiga tsarinsu ba. Kayan nan na Gajere ne, shi na ba, shi zai sayar. Motarsu kawai zan ara, in biya rabona na mai. Kuma kowane buhu za a cire la'adar dillali a kai gidansa a ba matarsa a hannu, kamar kullum.

Ya sosa ƙeya ya ce Baba, ai don a daina la'adar nan aka kafa tafiyar, mutane za su yi magana. Na ce su yi, baki nasu ne, albasa tawa ce. Ya ce sai ya tambayi mai rubuta kaya. Na ce wace ce mai rubuta kaya? Ya ce Baba ka sani.

Bai daɗe ba ya dawo. Wai ta ce rabon mutum nasa ne, ya kai inda ya ga dama, babu dokar da ta hana. Wai kuma a gaya mini in ware manya da ƙanana.

A gaya mini. Katanga ɗaya ce tsakaninmu a lokacin, ina jin takalminta.

Na ware. Dama zan ware.

Asabar, bayan azahar

Mota ta tafi.

Tun da safe na jawo buhunan ƙofa ni kaɗai, ban jira kowa ba. Ba su kai rabin abin da na tona ba. Maza sun taru, kowa yana gaishe ni da ladabin da ya wuce kima, irin wanda ake yi wa mara lafiya.

Auta ta zo da littafi a hannu da gyale ruwan toka. Ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, na amsa yadda ya kamata. Sai ta bi buhunan tana kwance baki tana sa hannu har gwiwar hannu, tana shinshinawa. Ta ja wasu gefe.

Na ce waɗannan fa?

Ta ce, “Ba za su hau ba, Baba. Kafin a kai birni za su ɓata na mutane.”

A gaban kowa. Mai Inji ya shiga duba tayar mota. Na ji maganar ta taso mini har maƙogwaro, irin ta ranar nan, da zafinta. Ita ma ta san ta taso, ta tsaya tana kallona, ba ta sunkuyar da kai ba.

Na sa hannu a buhun farko. Na ciro shi a jiƙe. Na goge a riga.

Na ce wa direba me yake jira, ya loda sauran.

Yadda take murza albasa da babban yatsa a wuya, ba a waya ta koya ba. Wannan ban faɗa ba.

Ta hau gaba kusa da direba. Ba ta waiwayo ba, ko kuma ta waiwayo lokacin da nake ɗaure buhu.

Litinin, da yamma

Sun dawo. Mai Inji ya kawo mini nawa, ya ce an kai na gidan Gajere, Auta ce ta kai da kanta, matar ta riƙe ta suna kuka. Ya ce kasuwa ta yi daidai, ba yabo ba fallasa, masu ware kaya sun fi samu. Yana so in ce wani abu. Na ce ya ɗaure awakinsa.

Auta ta wuce gidan Yaya.

Laraba, da safe

Na wanke gadon, na shanya, na mayar ɗakin. Rumfa ta zama fili. Warin bai tafi ba.

Babu saƙo. To me za ta turo? Albasa ta ƙare.

Alhamis

Na kunna tsofaffin. Na matar nan sau biyu. Na mai tarin sau ɗaya.

Asabar, da la'asar

Na je na zauna da Gajere. Na ba shi labarin kasuwa, na ƙara gishiri. Ya yi barci ina magana.

Gida shiru.

Lahadi, da hantsi

Na danna wurin da ake magana. Sau uku ina sakewa, ta farko tari ne kawai ya shiga, ta biyu na yi tsawa da yawa. A ta ukun na ce, ke, wannan rumbun naku mara ƙofa, a duba mini me suka ce a kan tattasai. Ajiyarsa da kasuwarsa. Kada a taƙaita, a karanta duka, don in ji inda suka yi kuskure.

Ba na noman tattasai. Ban taɓa yi ba, ƙasata ba ta karɓarsa. Ita ma ta sani.

Lahadi, da azahar

Shiru.

Lahadi, da la'asar

Shiru. Na share ɗakinta, don ƙura ce ta yi yawa.

Litinin, da safe

Ya shigo. Ya fi duk na baya tsawo. Ban buɗe ba tukuna, sai ruwan shayi ya tafasa.